HIRAƘAL SARKIN RUM DA DINARINSA

Duk wanda ya taɓa zama wurin ɗaurin aure a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya ji liman ya ambaci rubu'u dinari, watau mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Maliku. Wanda ya karanta Risala kuwa ya san zakka ba ta wajaba a kan zinariya sai ta kai dinari ashirin, ya kuma san diyyar rai dinari dubu ce. Ga shi dai kullum muna lissafi da dinari, amma da za a tsaya a kasuwar Mafara ran Talata a tambayi mutum ɗari wa ya taɓa riƙe shi a tafin hannunsa, da wuya a sami ko guda.

To, wane dinari ne Sahabbai suka yi ciniki da shi? A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Larabawa ba su buga kuɗin kansu. Dirhamin azurfa daga Farisa ya ke zuwa musu, dinarin zinariya kuwa daga ƙasar Rum. Malam Balazuri, marubucin tarihin buɗe ƙasashe, ya faɗi cewa dinaran Hiraƙal su ne ke shigowa Makka, mutanenta kuma ba ƙirga su su ke yi ba, a mizani su ke aza su. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin wannan sarki, da yadda a ke gane kuɗinsa, da abin da ya saura na sarautarsa bayan ƙasashensa sun kuɓuce masa.

ASALIN DINARI

Kalmar dinari ba Larabci ba ce tun fil azal. Daga harshen Rumawan farko ta fito, waɗanda ke kiran kuɗinsu na azurfa denarius, na zinariya kuwa aureus. Masana harshe suna ganin kalmarmu ta zinariya ita ma daga dinari ta samo asali. In haka ne, ashe kowace amarya da ta sa 'yan kunnen zinariya tana ambaton kuɗin Rum ba ta sani ba.

A zamanin Agustus, Ƙaisar na farko, akan fid da aureus wajen 40 daga cikin awo ɗaya na Rumawa, wanda nauyinsa ya ke kamar giram 325. Sarakunan da suka biyo baya suka riƙa rage shi in kuɗi ya yanke musu. Nero ya mai da shi 45, Karakalla 50, Diyokletiyan ya tsayar a 60. Daga nan sai Kustantin, wanda ya gina birnin Kustantiniyya, watau Santambul ta yanzu, ya fito da sabon kuɗi wajen shekara ta 310, ya sa masa suna solidus, ma'ana tsayayye. Ya yanka doka a fid da guda 72 daga kowane awo, kowane guda ya zama kamar giram huɗu da rabi ke nan. An kasa shi ƙiraɗi 24, daga nan ne maƙeran zinariya suka sami lissafin da su ke yi har yau, in sun ce wannan sarƙa mai 18 ce, waccan mai 24. Wannan kuɗi ya yi shekara wajen 700 ba a gurɓata zinariyarsa ba. Shi ne Larabawa suka sani da sunan dinari, shi ne kuma Hiraƙal ya gada.

TASOWARSA

An haifi Hiraƙal wajen shekara ta 575. Sunan ubansa ya ci, shi kuwa uban babban sarkin yaƙi ne na Sarkin Rum Moris, wanda daga baya ya naɗa shi gwamnan Afirka ta Arewa. Mazauninsa Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Watau dai daga nahiyarmu wannan sarki ya taso ya ci sarauta.

Cikin 602 soja suka yi tawaye, suka naɗa wani ƙaramin hafsa mai suna Fokas, ya kama Moris, ya sa aka yanka 'ya'yansa maza a gabansa, sa'an nan aka kashe shi. Kisra na biyu, Sarkin Farisa, da ma Moris ne ya taimake shi ya koma gadon ubansa cikin 591. Da jin wannan labari sai ya sami hanya, ya ce zai ɗau fansar ubangidansa, ya auka wa ƙasar Rum. Fokas kuwa bai iya yaƙi ba, bai iya riƙon jama'a ba, abin da ya iya shi ne kashe manyan gari bisa zato.

Da abin ya yi yawa, cikin 608 Hiraƙal babba da ɗansa suka yi bore a Kartaj, suka hana jiragen hatsi tafiya babban birni. Abin lura a nan, tun kafin su yi nisa da yaƙi suka buga kuɗi da surarsu su biyu, amma ba su sa wa kansu kambin sarauta ba, tufafin manyan hakimai suka sa. A wancan zamani ba jarida, ba rediyo, kuɗi shi ne sanƙira, shi ke shiga kowace kasuwa ya gaya wa talakawa wanda ke da iko. Suka tura ɗan'uwansu Niketas ta tudu ya kama Masar, shi kuwa Hiraƙal ƙarami ya bi ta Bahar Rum da jirage. Ya isa Kustantiniyya a farkon Oktoba, 610, mutanen gari suka juya wa Fokas baya, aka kama shi aka kashe. Ran 5 ga wata aka naɗa Hiraƙal, ran nan kuma aka ɗaura masa aure da Yudokiya. Shekarunsa kamar talatin da biyar.

SHEKARUN WAHALA

Gadon da ya hau ba na hutu ba ne. Baitulmali wayam, soja a warwatse, ga abokan gaba gabas da yamma. Cikin 613 ya fita da kansa ya tari mutanen Farisa kusa da Antakiya, suka fatattake shi. Suka ci Dimashƙa, cikin 614 suka ci Baitul Muƙaddas, suka kashe jama'a masu yawa, suka kwashe gicciyen da Kirista ke girmamawa suka kai ƙasarsu. Zuwa 619 Iskandariyya ta faɗa hannunsu. Masar kuwa ita ce rumbun Rum, har tun cikin 618 aka daina rabon gurasa kyauta da aka saba yi wa mutanen babban birni. Labarin wannan karyewa ya kai Makka, mushirikai suka yi murna, Musulmi suka yi baƙin ciki domin Rumawa ma'abuta littafi ne. A kan wannan ne farkon Suratur Rum ya sauka, da albishir cewa waɗanda aka rinjaya za su rinjaya cikin 'yan shekaru.

Ƙasa ta adana mana shaidar tsoron da mutane suka shiga. Cikin 2008 masu tonon kayan tarihi a Birnin Ƙudus suka tarad da dinari 264 a cikin kangon wani gini, dukansu na farkon sarautar Hiraƙal, sababbi ƙal, kamar ba su taɓa shiga kasuwa ba. Masana suna ganin an ɓoye su ne gab da shigowar mutanen Farisa, mai su kuwa bai sami dawowa ba.

Abin ya kai har Hiraƙal ya yi niyyar ya mai da gadon sarauta Kartaj, sai Sarjiyus, babban limamin Kirista na birnin, ya hana shi. Daga nan ya ɗaura ɗamara. Cikin 615 ya buga sabon kuɗin azurfa mai nauyin giram shida da 'yan kai, ya riƙa biyan ma'aikata da shi, bayan ya rage albashinsu da rabi. Kuɗin tagulla na talakawa ma ya rage musu nauyi, har akan ɗauki tsofaffi a sake buga su bisa gaggawa, surar da ta na lekowa ƙarƙashin sabuwa. Ya ranci kwanonin zinariya da na azurfa na majami'u, aka narke aka mai da su kuɗin soja. Amma duk da wannan ƙunci bai zuba wa dinari tagulla ba. Ko 'yan kaɗan ɗin da a ke bugawa da rangwamen nauyi, masu ƙiraɗi 20 ko 22, akan sa musu alama dabam a jikinsu, yadda mai karɓa zai san abin da ya karɓa. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

NASARA

Cikin Afrilu, 622, shekarar da aka yi Hijira, Hiraƙal ya bar birni ya shiga daji da rundunarsa. Sarakunan Rum sun yi shekara wajen ɗari biyu ba su fita yaƙi da kansu, shi ne ya ta da wannan al'ada. Bai tsaya ƙwato garuruwa ɗaya ɗaya ba, sai ya zaga ta duwatsun Armeniya ya faɗa wa Farisa ta ƙeya. Cikin 626 Kisra ya haɗa baki da wata al'umma ta arewa da a ke kira Awar, suka kewaye Kustantiniyya, su ta yamma, mutanen Farisa ta hayin ruwa. Wani sarki da sai ya juyo a guje. Hiraƙal ya aika da gudummawa, ya dogara ga ganuwa da jiragen birnin, ya zauna inda ya ke. Aka kuwa yi sa'a, jiragen Rum suka hana taron biyu haɗuwa, Awar suka watse.

Sa'an nan ya ƙulla abuta da Turkawan arewa, ya gangaro Iraƙi cikin tsananin sanyi, lokacin da ba wanda ya zaci za a yi yaƙi. Ran 12 ga Disamba, 627, aka gwabza a kusa da kufan Ninawa, garin Annabi Yunusa, daura da Mausil ta yanzu. Rumawa suka yi rinjaye, sarkin yaƙin Farisa ya faɗi. Hiraƙal ya wuce ya washe fadar Kisra ta Dastagird. Cikin Fabrairu, 628, manyan Farisa suka tuɓe Kisra, ɗansa Shiruya ya hau, aka kashe uban, aka nemi sulhu. Sham da Masar suka komo hannun Rum, Hiraƙal ya mai da gicciyen nan Baitul Muƙaddas da hannunsa, da gagarumin biki.

TAKARDA DAGA MADINA

A cikin wannan lokaci na murna ne, bayan sulhun Hudaibiyya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa sarakunan duniya takardu yana kiransu zuwa Musulunci. Ta Hiraƙal, Dihyatul Kalbi ne ya kai. Imamu Buhari ya kawo labarin tun a farkon littafinsa. Takardar ta iske sarki a Baitul Muƙaddas, inda ya zo daga Himsa domin godiya ga Allah bisa nasararsa. Ya sa a nemo masa mutanen Makka, aka sami Abu Sufyanu cikin ayarin fatake, sa'an nan kuwa bai musulunta ba. Sarki ya zaunar da shi gaba, abokan tafiyarsa a bayansa domin su ƙaryata shi in ya kauce, ya yi ta tambayarsa ta bakin tafinta: asalin mai takardar, da ko an taɓa kama shi da ƙarya, da ko yana saɓa alkawari, da irin mutanen da ke binsa, da ko suna ƙaruwa ko raguwa. Da ya gama ji, ya nuna cewa waɗannan siffofin annabawa ne. Amma da ya taɓa zukatan fadawansa ya ga sun harzuƙa, sai ya ja da baya, ya zaɓi rawaninsa. Kisra ya kekketa tasa takardar, Hiraƙal ya girmama tasa, amma bai amsa kira ba.

Wannan tambaya da ya yi abin koyi ce ga alƙali da mai bincike. Bai tambayi masoyi ba, maƙiyi ya tambaya, ya kuma ajiye shaidu a bayansa. Sanin gaskiya dai dabam, binta dabam.

JUYIN ZAMANI

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Tun cikin 629 aka fara karawa tsakanin Musulmi da Rumawa a Mu'uta. Bayan wafatin Annabi rundunonin Halifa Abubakar da na Halifa Umaru, Allah ya yarda da su, suka shiga Sham. Aka karya Rumawa a Ajnadaini cikin 634, Dimashƙa ta buɗe ƙofa cikin 635. Hiraƙal ya tsufa, ba shi da lafiyar hawa, ya zauna Antakiya ya tara babbar runduna ya tura. Cikin Agusta, 636, shekara ta 15 ta Hijira, aka haɗu a bakin kogin Yarmuk, Halidu ɗan Walidu da Abu Ubaida suka tarwatsa ta. Sarki ya bar Sham, barin da bai sake komowa ba. Ba da jimawa ba limamin Baitul Muƙaddas, Safroniyus, ya miƙa garin ga Halifa Umaru. Amru ɗan Asi kuwa ya shiga Masar a ƙarshen 639.

Nan ma ƙasa ta yi ajiya. Cikin 2022 aka sami dinari 44 cikin gindin wani bango a Baniyas, gefen tuddan Golan, waɗansu na Fokas, mafi yawa na Hiraƙal. Na baya bayan cikinsu sun nuna a zamanin waɗannan yaƙe yaƙe aka cusa su.

Dalilan karyewar Rum suna da yawa. Yaƙin shekara 26 da Farisa ya cinye dukiya da maza. Kiristan Sham da Masar sun daɗe suna jayayya da na babban birni a kan aƙida, dabarar da Hiraƙal ya fito da ita cikin 638 don ya sasanta su kuwa ba ta gamsar da kowa ba. Ya kuma matsa wa Yahudawa su shiga addininsa tilas. A cikin gida ma ba lafiya. Yudokiya ta rasu cikin 612, ta bar masa jariri mai suna Kustantin. Sai ya auri Martina, 'yar 'yar'uwarsa, abin da addininsu ya hana, jama'a kuma suka ƙyamata har ƙarshen ransa. Ta haifa masa 'ya'ya da yawa, waɗansu da naƙasa, ta dage sai ɗanta Hiraƙlonas ya yi tarayya da yayansa a sarauta.

A ƙarshen kwanakinsa ciwon kumburi ya kama shi. Masu tarihin Rum sun ce har tsoron ruwa ya shige shi, shi da ya ci sarauta a cikin jirgi, sai da aka jera jirage aka yi masa gada, aka kakkare gefenta da rassan itace, kana ya haye zuwa birninsa a kan doki. Ya mutu ran 11 ga Fabrairu, 641, bayan ya yi shekara 30 da wata huɗu bisa gado. Kustantin bai wuce 'yan watanni ba ya bi shi. Jama'a suka zargi Martina, aka yanke mata harshe, aka yanke wa ɗanta hanci, aka kore su, jikansa Kunstans ya hau.

YADDA A KE GANE DINARINSA

Mai tara tsofaffin kuɗi yana iya karanta duk wannan tarihi a jikin dinaran, domin surar sarki ta riƙa sakewa tare da shekarunsa. Faɗin kowanne bai wuce kamar milimita 20 ba. Iri huɗu ne manya.

Na farko, daga 610 zuwa 613, sarki shi kaɗai, yana fuskantar mai kallo, da gajeren gemu, yana riƙe da gicciye. Na biyu, daga 613 zuwa 629, shi da ɗansa Kustantin kafaɗa da kafaɗa. A na farkon wannan iri yaron ɗan mitsitsi ne, yana girma a hankali, har masana kan kimanta shekarar bugu da girmansa. Na uku, daga 629 zuwa 632, bayan nasara, gemun sarki ya sauko har ƙirji, gashin baki ya miƙe dama da hagu, ɗan kuwa ya kusa kai shi, ya fara tsiro gemu. Na huɗu, daga 632 zuwa 641, mutum uku a tsaye, sarki a tsaka, 'ya'yansa biyu a gefe, ba rubutu a wannan fuska. Hiraƙlonas ya fara a ƙarami ba kambi, daga baya ya yi tsawo ya sami nasa. Rigimar gidan sarki ke nan a kan zinariya.

Rubutun da haruffan Rumawa ne, irin waɗanda mu ke rubuta boko da su. A nemi sunan sarki a gefe. In harafin d da na N sun zo ɗaya ɗaya a farko, sarki ɗaya ne, in sun zo biyu biyu, sarakuna biyu ne. Kada a dogara ga gemu kaɗai, gama jikansa Kunstans ma ya tara gemu har ya fi na kakan. A bayan dinarin akwai gicciye bisa matakala uku. Na Fokas kuwa mala'ika ne a tsaye, shi kansa Fokas gemunsa mai tsini ne. A ƙarshen rubutun baya akan ga harafi guda na Girkanci, lambar ɗakin da ya buga ce, domin gidan buga kuɗi na babban birni ɗaki goma gare shi, in an sami aibu a san wanda za a kama. A ƙasa kuma akwai haruffa biyar, CONOB. Ukun farko sunan birnin ne a taƙaice, biyun ƙarshe suna nufin tatacciyar zinariya, a lissafin Girkanci kuma 72 ke nan. Amma waɗannan haruffa ba su isa shaidar wurin bugu ba, don Kartaj da Rabenna ma sun sa su. Na Kartaj ana gane shi da ƙanƙanta da kauri, kamar maɓalli.

Wajen rarrabe na gaske da jabu, mizani shi ne alƙali na farko. Na gaske yakan yi giram huɗu da rabi ko ya gaza kaɗan saboda gogewa. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, darma sau 11, tagulla ba ta kai sau 9 ba, saboda haka tagullar da aka shafa wa ruwan zinariya, in faɗinta da kaurinta daidai ne da na dinari, ba za ta kai rabin nauyinsa ba. In maganaɗisu ya ja shi, an gama magana. Na biyu, Rumawa ba zubi su ke yi ba, sa fallen zinariya su ke yi tsakanin hatimi biyu na ƙarfe su doka da guduma. Don haka gefensa ba ya zama da'ira sosai, haruffansa kuwa da kaifi. Na zubi yakan zo da 'yan ramuka a fuska, da layin haɗi a gefe, surarsa dushe dushe. Na uku, a tambayi hannun da ya fito. Kada kuma a kankare shi, ko a goga shi a dutse, ko a ɗiga masa ruwan gwaji irin na maƙera, ko a huda shi a yi abin wuya, gama darajar tarihinsa ta fi ta nauyinsa.

Mulkin Rum bai taɓa ƙetaro Sahara ya zo ƙasar Hausa ba. Kayansu dai sun kutsa cikin hamada, har cikin 1925 aka sami fallen zinariya mai tambarin kuɗin Kustantin a kabarin Tin Hinan, a Abalessa, kudancin Aljeriya. Daga can zuwa Gulbin Sakkwato kuwa akwai tafiya. Zinariyar da Allah ya ajiye a ƙasar Zamfara, wajen Anka da Maru da Bukkuyum, cikin dutse da yashi ta ke, ba bugaggiya ba ce. Saboda haka wanda ya zo maka da dinari ya ce a gona ya tono shi a Maradun, ko alhajin da aka tallata wa irinsa a wata kasuwa, sai a yi hattara. Kakanninmu sun san liyari, mai surar sarauniyar Ostiriya, wanda kowanne ke ɗauke da shekara ta 1780 ko da an buga shi bayan shekara ɗari. Abin da aka rubuta a jikin kuɗi da'awa ce, sai an nemi shaida. In kuwa da gaske mutum ya tono wani tsohon abu, kome ƙanƙantarsa, ya bar shi yadda ya ke, ya lura da wurin, ya sanad da hakimi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa tsaron irin waɗannan kaya.

ABIN DA YA SAURA

Musulmi sun karɓe Sham da Masar, amma ba su ya da dinarin Hiraƙal ba. Shekara wajen sittin suna karɓar haraji da zakka da kuɗin Rum. Da Halifa Abdulmalik ɗan Marwanu ya tashi buga nasa a Dimashƙa, sai ya fara da kwaikwayon mai mutum uku ɗin nan, ya cire gicciyen, ya bar sanda bisa matakala, ya kewaye ta da kalmar shahada. Daga baya ya sa surar halifa riƙe da takobi. Cikin shekara ta 77 ta Hijira, wajen 697, ya kawar da sura duka, ya bar rubutu zalla, ya tsai da nauyi a misƙali guda, giram huɗu da kwata. Wannan misƙali ya ƙetaro hamada tare da fatake da littattafai, da shi aka auna garin zinariya a Tambutu da hanyar Gwanja, da shi malamanmu ke lissafi har yau.

Malaman makaranta suna iya ba yara wannan a darasin lissafi. Giram huɗu da rabi sau 72, a sami 324, awon Rum ke nan. Giram huɗu da kwata sau 20, a sami 85, nisabin zakka ke nan. Rubu'insa giram ɗaya da ɗan ɗoriya, sadaki ke nan. Sau 1,000 kuwa giram 4,250, diyya ke nan. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba zai ƙara ɗaukar tarihi tatsuniya ba.

Ga ma'aji da akawu da mai karɓar haraji kuwa, ga abin tunani. Hiraƙal ya ci Farisa, cikin shekara goma abin da ya ƙwato ya zube. Gidansa ya ƙare da yankan hanci da harshe. Ganuwarsa da rundunarsa ba su tsare masa Sham ba. Abu guda da ya ƙi ha'inci a cikinsa ran da baitulmali ya bushe, watau tsarkin dinari da cikar awonsa, shi ne waɗanda suka rinjaye shi suka amince da shi, suka gina nasu a kansa, har ya iso zauren ɗaurin aure a Bakura bayan shekara 1,400. Mai riƙe da mudu a kasuwa, da mai riƙe da littafin kuɗi a ofis, da mai ba da maki a aji, kowa da mizaninsa a hannu, kowa kuma za a tambaye shi.

Allah ya ba mu ikon cika awo, ya tsare mu da tauye hakkin jama'a, amin.